Dattijon mai wayarin da ya kamo ɓarayin batirina biyu

Motata Corolla ce ta 1996, na saye ta hannu na biyu a 2017, cikin irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Ba kullum nake hawanta ba. Lekol ɗin da nake koyarwa kusa yake da gida, da mashin nake zuwa, ita kuwa tana rumfa sai Asabar ko Lahadi in mun tashi gaida tsohuwa a Tibiri, ko in wata lalura ta taso da dare. Wannan zaman nata shi ya tona asirin ciwon. Da a ce kowace safiya ana tashinta, da ƙila har yau ban san ana yi mini satar wuta ba.

Bara abin ya faro, cikin zafin Afrilu. In ta kwana ɗaya sai ta tashi, amma da nishi. In ta kwana biyu, ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe. Kwana uku kuwa ko oda ba ta yi. Yaran layinmu a unguwar Zariya har sun gane ranakun. Da safiyar Asabar za ka gan su zaune bakin ƙofa suna jiran in buɗe, don sun san akwai turi, kuma kowa zai samu dala ashirin. Wanda ya taɓa tura mota cikin yashin lungunan Maradi ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Ranar sunan ɗiyar ƙanena, ni da babbar riga nake riƙe da sitiyari, uwargida da ƙwaryar kayan barka tana tsaye gefe tana kallon ikon Allah, sai da muka kai bakin kwalta kafin ta kama. Muka tarar an raɗa suna an shafa fatiha.

Kafin in zo kan dattijon, bari in faɗi kuɗin da na zubar, don shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na fara zuwa wurin wani mai cajin batir. Ya ɗauko guntun waya ya goga tsakanin kawunan batirin biyu, ya ga tartsatsin bai yi ƙarfi ba, ya ce ya mutu. Na sayi sabo jikka 42. Wata biyar aka koma gidan jiya. Mutum na biyu da na je wurinsa mai wayarin ne, ya sa na tada mota, ya kwance kan batir guda injin yana aiki, ya ga bai mutu ba, ya ce altaneta, wato abin da ke cajin batir in injin yana aiki, lafiyarta lau, batirin ne na jabu. Na ƙara sayen wani jikka 44. Jikka 86 ke nan cikin wata takwas, ga albashin malamin lekol. Da shi ma ya fara nishi, sai wani maƙwabci ya ba ni shawarar in riƙa cire kan batir kowane dare. Wata uku ina wannan, kile mai lamba 10 ya zama ɗan aljihuna kamar carbi. Dabarar tana aiki, ba ƙarya, amma agogon mota kullum sai ya koma baya, rediyo ya manta tashoshinsa, kuma yau da gobe ƙarfen kan batirin ya saki har sai da na riƙa cusa masa guntun gwangwani.

Duk tsawon lokacin nan zargina yana kan babban ɗana. Shi ya kawo rediyo mai cin memori ya sa aka ɗaura, ƴan makonni kafin ciwon ya bayyana. Na yi masa faɗa, na karɓe makulli. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wurin, can wajen Sabon Gari, cikin wani lungu da masu gyaran mota suka yi layi. Ba allo, ba suna. Rumfar kwano ce a ƙarƙashin iccen bedi, da tebur guda da tsofaffin altaneta suka cika, da benci mai ƙafa uku da rabi. Mai wurin dattijo ne mai furfura, da tabarau ɗaure da zare, da yara uku masu koyon aiki. Na isa ƙarfe takwas na safiyar Laraba, lokacin hutun lekol. Shi bai iso ba sai wajen tara da rabi, kuma da ya zo sai da ya sha shayinsa tukuna. Wannan shi ne aibin wurin na farko, kuma ba zan ɓoye shi ba: in kana gaggawa, ba wurinka ba ne.

Bayan gaisuwa na fara zuba masa labari, na ce ina ganin rediyon ne, a cire shi kawai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mushe, ai ba a yanke wa ɓarawo hannu sai an kama shi da kaya. Buɗe kapo."

Abin da ya fara ɗaukowa mita ce, ƴar rawaya mai wayoyi biyu, ja da baƙa, duk jikinta salatif. Ya sa aka kunna manyan fitilu kamar minti ɗaya aka kashe, ya ce don a kawar da ƴar wutar da ke tsayawa sama-sama bayan an yi tafiya, wadda ke sa batir ya yi kamar ya cika. Ya auna: volt 12.2. Ya ce lafiyayyen batir da ya cika ya huta, 12.6 yake nunawa, 12.2 kuwa kusan rabi ke nan. Aka tada mota ya sake aunawa, ta ba da 13.7. Ya ɗan ɓata fuska. Ya ce ya fi son ya ga 14 ko sama da haka kaɗan, amma tana caji, ba za a ce ba ta yi ba. Da na ba shi labarin wanda ya cire kan batir injin yana aiki, sai ya ajiye mitar ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce wannan gwajin na zamanin motocin da ba su da komai a ciki ne, yanzu ɓarna yake yi, don batir shi ke shanye hauhawar wuta, in ka cire shi injin na gudu, wutar tana iya yin tsalle ta ƙona abin da ta samu a gaba.

Daga nan aka shiga ainihin aikin. Ya zare makulli ya miƙo mini ya ce in sa a aljihu, kada in kuskura in maida shi. Ya bar ƙofar direba a buɗe don a kai ga akwatin fis da ke ƙasan sitiyari, amma ya sa yaro ya danne ɗan maɓallin jikin ƙofar da guntun icce ya naɗe da salatif, don motar ta ɗauka a rufe take, fitilar ciki ta mutu. Ya kwance kan batir na mas, wato baƙin, ya maida jar wayar mitar ramin da aka rubuta 10A, ya ɗora waya ɗaya a kan batirin, ɗayar a ƙarfen da ya kwance. Ta haka duk wutar da za ta fita daga batir dole ta bi ta cikin mitar, kamar yadda duk motar da za ta fita gari sai ta bi ta shingen jandarma. Dalilin karɓe makullin kuwa, ya ce kik in zai juya injin yana jan fiye da ampa 100, mitar kuma 10 ce iyakarta, murɗawa ɗaya ta isa ta kashe masa ita.

Muka tsaya kamar minti biyar. Ya ce irin tawa tsohuwa ba ta daɗewa kafin ta yi barci, amma sababbin nan masu kwamfuta da yawa sai a yi rabin sa'a ko fiye ana jira, kuma su ba a son zare musu fis barkatai don farkawa suke yi, sai dai a auna ta bayan kowane fis yana zaune a wurinsa. Lambar ta tsaya a ampa 0.92.

Ya tsuguna ya yi mini lissafi da yatsa a ƙasa, ni da nake koyar da lissafi. Mota a kashe, in lafiya take, abin da agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da ta injin ke sha bai kamata ya wuce 0.05 ba. Tawa tana shan kusan ninki ashirin na haka. A sa'a 24, ampa 22 sun tafi. Batirina mai lamba 60 ne, wato 60 yake ɗauka in ya cika. Kwana biyu, 44 sun fita, saura ba ta isa juya injin ba. Daidai da abin da nake gani kowace Asabar. Ya ce, "Kana ta sauya randa, Mushe, alhali randar ba ta yoyo. Wani ne ke shigowa da moɗa cikin dare."

Yadda suka bi fis ɗin ya burge ni. Yaro ɗaya yana kwance ƙarƙashin sitiyari yana zarewa ɗaya bayan ɗaya, dattijon yana tsaye kan mita. A zare, ya duba, ya ce "maida", a wuce na gaba. Ba a zare biyu tare, kuma ba a barin ko ɗaya a ƙasa, don kada a rikita mai lamba 10 da mai 15. Na sitiyari duka ba wanda ya motsa lambar. Aka koma akwatin da ke cikin kapo. Ana zare wanda ke ba fitilar cikin mota wuta, lambar ta faɗo daga 0.92 zuwa ƙasa da 0.50. Na ce to ga shi, ai rediyon a layin nan yake shan tasa wutar. Bai ce mini komai ba. Ya sa aka maida fis ɗin, aka zaro rediyon aka cire masa soket. Lambar ta sauka da 0.01 kacal. Ya juya wayoyin ya nuna mini: rawaya tana kan wuta ta kullum, don riƙe tashoshi, ja tana kan wutar makulli, baƙa tana mas. Ya ce wanda ya ɗaura ya san aikinsa. Masu ɓata abin su ne waɗanda ke murɗe ja da rawaya wuri ɗaya don rediyo ya riƙa yi ko ba makulli. Ban ce uffan ba, amma fuskar ɗana ce ta faɗo mini a rai.

Sai ya kira ƙaramin cikin yaran, wani siriri da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya buɗe but ya ce shiga. Yaron ya naɗe kamar mage, aka rufe. Ba a yi daƙiƙa biyu ba muka ji murya daga ciki: "Baba, tana kunne!" Aka buɗe masa ya fito yana dariya. Dattijon ya kama yatsana ya ɗora kan murfin ƴar fitilar but ɗin. Zafi rau, robar har ta yi ruwan ƙasa ta ɗan narke a tsakiya. Ƙwai ne mai wat 5, wanda ke shan kusan 0.4. Ɗan harshen ƙarfen da ke kashe ta in an rufe but ne ya lanƙwashe. Ya tambaye ni ko ina ɗaukar kaya in ɗaure but da igiya. Na tuna buhunan hatsi uku da na ɗauko daga Tibiri bayan kaka, da ragon layya da ya yi ta harbi a ciki. Fitila tana ci dare da rana kusan shekara, a wurin da ba mai ganinta sai an buɗe, in an buɗe kuma ai dama kunne ya kamata a same ta. Ya miƙe ƙarfen da filaya, aka sake sa yaron, ya ce ta mutu.

Ni a nan na ɗauka an gama, har na fara laluben aljihu. Ya nuna mini mita: 0.50. Ya ce ɗaya muka kama, na biyun yana nan. A nan ne na san bambancinsa da sauran. Wani da ya samu fitilar but zai karɓi kuɗinsa ya sallame ni, ni ma in tafi ina murna, batirin ya koma mutuwa a kwana huɗu maimakon biyu, in dawo in ce bai iya aiki ba.

Aka ƙarasa sauran fis da rele duka, lambar ko gezau. Ya ce in an zare duk abin da ake zarewa da hannu wuta tana fita, to sai a duba manyan wayoyin da ke tafiya kai tsaye, na kik da na altaneta. Ya cire mitar tukuna don kada sifana ta taɓa jiki ta yi tartsatsi, ya kwance notin kaurin wayar da ke bayan altaneta, ya naɗe bakinta da tsumma, ya maida mita. Lambar ta nuna 0.03. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Bayanin da ya yi mini ban manta ba. A cikin altaneta akwai wani faranti mai ɗauke da ƙananan abubuwa da ake kira diyod, manyansu guda shida. Aikinsu kamar bawul ɗin tayar keke ne, iska ta shiga, ba ta fita. Suna barin wuta ta tafi batir, su hana ta dawowa. In ɗaya ya lalace, da rana altaneta tana caji, ko da ba cikakke ba, da dare kuma wutar ta riƙa komawa ta hanyar da ta zo. Shi ya sa fitilar caji ba ta taɓa kama mini ba, kuma shi ya sa 13.7 ɗin nan ba ta yi masa daɗi ba tun farko. Ya ce wata alamar da kowa zai iya dubawa a gida: da asuba, mota ta kwana ba a tashe ta ba, ka taɓa altaneta, in ka ji ɗumi alhali injin ya yi sanyi, to ka yi zargi. Na tambaye shi me ya kashe diyod ɗin. Ya ce tsufa da zafi suna yi, haɗa wayar taimako a juye tana yi, cire kan batir injin yana aiki ma yana yi. Bai ɗora wa kowa ba, ni ma ba zan ɗora ba, ko da yake na san abin da zuciyata ke raya mini.

Sabon farantin babu a hannunsa. Ya ce ko in jira a kawo daga Kano ta Jibiya, ko ya ciro mini daga wata altaneta ta hannu da ya yarda da ita. Na zaɓi ta hannu. A gabana ya gwada diyod ɗin ɗaya-ɗaya da mita, ta wannan fuska lamba ta fito, ya juya wayoyin ba ta fito ba. Aikin ya kai mu bayan la'asar, don an ɗauke wuta ana tsakiyar dalma, sai da ya hura gawayi ya gasa ƙarfen dalmar irin na da. Da aka ɗaura, mota a kashe 0.03, a kunne volt 14.2.

Batirin kuwa bai ce in sayi sabo ba, ko da yake ga mai sayarwa nan kusa da shi. Ya buɗe murafun, ramuka biyu ruwansu ya ja baya har farantan sun fito. Ya ce zafin garin nan ke ƙafar da shi, a riƙa dubawa duk wata, a ƙara ruwan batir tatacce, ba na famfo ba, ba kuma asid ba. Saman batirin ya yi datti da farin gari, ya sa yaro ya wanke da ruwan kanwa bayan an rufe murafun gam, ya ce dattin da ya jiƙe shi ma yana ɗan jan wuta tsakanin kawunan. Ya kuma gaya mini gaskiyar da ba ta yi mini daɗi ba: batirin mota ba a yi shi don ya riƙa ƙarewa ƙurmus ba, duk sa'ar da ya mutu ya kwana a haka farantansa suna yin ɓawon da ba ya fita duka. Nawa ya ji jiki. Ya ce a bar shi ya kwana a caji mai sanyi, zai yi aiki, amma kada in yi mamaki in sanyin Janairu ya kayar da shi. Ya sauya mini ƙarfen kan batirin da na lalata, ya jefar da guntun gwangwanina ba tare da ya ce komai ba.

Kuɗi: jikka 3 na bincike, jikka 9 na faranti da aikin ɗaurawa, dala ɗari biyu, wato jikka 1, na ƙarfen kan batir da caji. Jikka 13 ke nan. Aibinsa na biyu a nan yake: ba ya faɗin kuɗi kafin aiki. Na tambaya sau biyu, ya ce "bari mu ga abin da Allah zai nuna mana". Bai cuce ni ba, amma wanda ya zo da kuɗi ƙididdigaggu zai wuni da fargaba. Takarda ma ba ya bayarwa, kuma na kayan hannu bai yi mini alkawarin ko wata ɗaya ba. Yaron da ya zare fis ya karya kunnen murfin akwatin, sai da na isa gida na gani. Ga benci, ga ƙuda, ga ba inda mace za ta zauna ta sake. In uwargida ce za ta kai mota, gara a haɗa ta da wani, ko a bar motar a dawo.

Wanda matsalarsa ƙwan fitila ne ko oda, kowane mai wayarin zai yi masa. Amma in batirinka yana mutuwa a ajiye, kuma an riga an sa ka sayi sabo sau ɗaya, nemi irin wannan, kuma tun kafin ka buɗe kapo ka tambaya ko yana da mita, ko zai auna abin da mota ke sha a kashe. Ka je da batir da caji a jikinsa, ka je ranar da ba ka da wata hidima, ka riƙe ruwan sha.

Da dare na kira ɗana na miƙa masa makulli. Na ce rediyonsa ba shi da laifi. Ya ce, "Ai na faɗa, Baba," ya sunkuyar da kai don kada in ga yana murmushi. Uwarsa ce ba ta bar zancen ba, har yau in an yi maganar rago sai ta tuna mini.

Wata huɗu ke nan. A tsakani na yi tafiya Yamai a motar haya, na yi kwana tara, Corolla tana rumfa da kan batirinta a ɗaure. Na dawo daren Juma'a. Da safe na buɗe ƙofa, yara huɗu suna zaune a inda suka saba. Na murɗa makulli sau ɗaya ta kama. Ƙaraminsu ya leƙo ta gilashi ya ce, "Mushe, yau ma ba turi?" Na ba su dala ashirin su raba.